Kurakuran da ake yi idan jinin mai sefsis ya sauka

Sefsis dai shi ne ƙwayar cuta ta kama huhu ko mafitsara ko mahaifar mai jego, sai garkuwar jiki ta rikice ta koma ɓarna, jijiyoyi su saki, jini ya sauka, ƙoda da ƙwaƙwalwa su daina samun rabonsu. A 2017 an ƙiyasta ya kashe mutum miliyan 11 a duniya.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne na masu hawan jini. Baba na fama da zazzaɓi, an auna jininsa an ga 95/55, sai ka ji ana alhamdulillahi jini ya sauka, har a ƙara miƙa mai amlodipine ɗin safe, wato maganin hawan jininsa. Haba jama'a! Mutumin da ya saba 160 in ya faɗo nan ga zazzaɓi ga sambatu ga numfashi sama-sama, fitsari kuma ya ɗauke, ai ba sauƙi ba ne, a ajiye ƙwayar nan a nufi asibiti yanzu ba sai gari ya waye ba.

Sai kuma cewa maleriya ce ko taifot, a yi ta zarya kemis ana dankara mai diclofenac, maganin ciwon da ke ƙara lalata ƙodar da dama ta galabaita. In jini ya riga ya faɗi, cikin awa ɗaya ake so a fara allurar kashe ƙwayar cuta.

Ma'aikata ma suna da nasu, kallon lambar sama ta awon jini kawai. Ninka ta ƙasa sau biyu ka haɗa da ta sama ka raba uku, ana so ya kai 65, to 90/50 kuwa 63 ne, bai kai ba. Amma turawa sama sosai ma ba riba, a wani binciken Faransa da aka wallafa a 2014 an gwada tsakanin 65 zuwa 70 da 80 zuwa 85, yawan mutuwa bai bambanta ba.

Ƙarin ruwa fa? ’Yan uwa na son ganin leda bayan leda, har a gida ake ɗaurawa. Binciken 2011 a Uganda da Kenya da Tanzaniya ya nuna ɗura wa yara masu zazzaɓi mai tsanani ruwa da sauri ya ƙara mutuwa. A ba da shi ana duba ƙirji da fitsari, in jinin ya ƙi tashi noradrenaline, maganin ɗaga jini, ake sawa, in babu a asibitinku ku nemi takardar tura majiyyacin gaba da wuri.