Yadda na gyara tarin waƙoƙina

Waƙoƙin da ke kwamfutata sun haura dubu goma, kuma sun cakuɗe. Mawaƙi ɗaya an rubuta sunansa kala uku, wasu fayilolin kuma ko suna babu, sai lamba.

Kafin in taɓa komai, na kwafe su duka zuwa wata ma'ajiya ta daban. Sannan na sa MusicBrainz Picard, manhajar kyauta da ke gane waƙa daga sautinta ta hanyar wata fasaha mai suna AcoustID, ta cike sunan mawaƙi da shekara. Inda waƙa ta maimaitu, na riƙe fayil nau'in FLAC tunda ba ya zubar da komai na sauti, na goge nau'in MP3 mai 128 kbps, wanda ingancin sautinsa bai kai na FLAC ba.

A nan na kusa tafka ɓarna. Wata tsohuwar waƙar gargajiya ta fito sau biyu da suna ɗaya, na zaci maimaici ne. Da na duba tsawonsu, ɗaya minti huɗu ce, ɗayar minti goma sha ɗaya. Doguwar a gaban jama'a aka ɗauka. Sautin da ƙura-ƙura, amma ana jin numfashin dattijon kafin ya ɗaga murya, 'yan amshi suna shigowa kamar sun san abin da ke zuciyarsa, can sai ya saki baitin ya ƙago wani nan take. A ganina ita ce waƙar ta ainihi, har sau uku na saurare ta a daren.

Yanzu kowane irin wannan ina ƙara masa "kai tsaye" da shekara a suna, kuma ba na goge fayil sai kunnena ya ji shi.