Yadda nake cin kasuwar kayan tsofaffin motoci a Beaulieu

Mai tsohuwar mota ba ya rabo da neman kaya. Tawa Fijo 504 ce, ƙirar da ta fara fitowa a Faransa a 1968, wadda masana'antar Fijo ta Kaduna ta yi ta haɗawa har cikin shekarun 2000. A nan Ingila kuwa tsatsa ta cinye yawancinsu, don haka duk watan Satumba nakan nufi ƙauyen Beaulieu, wanda mutanen wurin ke kira Byuli, a gundumar Hampshire. A harabar gidan tarihin motoci na ƙasa ake cin kasuwar, Asabar da Lahadi, kuma tun 1967 ake yinta. Akwai ƙaramarta a watan Mayu, amma ta Satumba ce ke jawo 'yan kasuwa daga Faransa da Holan da Jamus. Wanda ya san kasuwar Kofar Ruwa a Kano zai gane fasalin wurin, sai dai wannan a kan ciyawa take, kuma kwana biyu kacal take ci.

Shirin daga gida yake farawa. Ka rubuta lambar chasis da ta injin a takarda, don 504 ba ɗaya ba ce: akwai mai injin 1.8, akwai 2.0, akwai mai shan dizal, kuma kafiretarsu ma ta bambanta, wata Solex wata Zenith. Abin da ya fi lamba aiki shi ne tsohon kayan da kansa. Ka kwance shi, ka wanke, ka sa a jaka. Mai kaya zai rantse maka cewa nasa zai hau, ba don ƙarya ba, shi ma abin da ya ji ke nan daga wanda ya sayar masa. In ka jera naka da nasa a kan tebur ka ƙirga ramukan noti, magana ta ƙare.

Sauran guzuri ba yawa: tsabar kuɗi ƙanana, tocila, ma'auni, maganaɗisu, takalmin da ba ka tausayinsa, da ɗan keken ja. Wanda ya taɓa rungumar lagireta ya yi tafiyar rabin sa'a zuwa inda ya ajiye mota ba sai an yi masa bayanin keken ba. In jirgin ƙasa za ka hau daga Landan, a Brockenhurst za ka sauka. In da mota kake, ka yi a hankali da dawakan dajin New Forest, kan titi suke tsayawa abinsu.

Asabar da safe ta mai neman abu mai wuyar samu ce. In ka ga fitilar baya da ka daɗe kana nema, saya nan take; "bari in zaga in dawo" ta sa mutane da yawa cizon yatsa. Ka biya, mai rumfar ya ajiye maka, amma ka rubuta lambar layi da ta rumfa, domin bayan sa'a uku duk tantunan kama suke yi da juna. Lahadi da yamma kuwa ta mai neman araha ce. Babu mai son sake loda giyabos a bayan mota, nan ne farashi ke faɗuwa. Ran Lahadin kuma akan bar mutanen gari su buɗe but ɗin motocinsu su sayar da abin da suka share daga gareji, kuma ni a wurinsu na fi tsintar dami a kala.

Ciniki ana yinsa, amma ba irin namu ba. In ka taya rabin kuɗi, Bature ba zai ce albarka ba, juya maka baya kawai zai yi. Ka tambayi ƙarshen abin da zai karɓa, ko ka haɗa kaya biyu uku ka nemi ragi a jimla.

Wajen dubawa, ƙarfe da gilashi da kwano ba sa tsufa a kwali, roba kuwa tana mutuwa ko ba a taɓa ɗaura ta ba. Fanbel ko robar birki da ta kwana shekara 40 a shago, ko da kwalinta na asali, ni ba na saye. Lanƙwasa ta za ka ga tsaga. Ƙofa ko bonet, bi ƙasanta da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cike da kwaɓin fenta. Kafireta kuma ka girgiza sandar maƙoshinta, in tana lilo za ta riƙa shan iska, kuma gyaran ya fi kuɗin sayenta.

Ga wanda zai kai kayan gida, akwai tarko. Ingila hannun hagu ake bi, Najeriya ta koma dama tun 1972, Nijar ma dama ce. Fitilar gaba ta Ingila hasken nata gefen hagu yake karkata, a titin Zariya idon mai tahowa za ta kashe. Kayan sitiyari da dashbod ma ba za su hau ba. Irin waɗannan, rumfunan Faransawa za ka nema. Kuma duk abin da fetur ya taɓa zama a ciki, yawanci kamfanonin jirgin sama ba sa yarda da shi a akwati, sai ta jirgin ruwa.

Kada ka wuce tantunan kulob-kulob na masu tsofaffin motoci don ba su da kaya a tebur. Dattawan da ke zaune da butar shayi su suka san wa ke da gilashin gaba a rufin ɗakinsa. Ka nuna musu hoton motarka, ka yaba tasu, hannunka a aljihu, don taɓa fentin motar wani babban laifi ne a wurinsu. Da sun ji daga Kaduna ka fito, tambayoyi kan 504 za su yi ta yi maka, kai kuma kafin ka tashi ka karɓi takardar shiga kulob ɗin, a mujallarsu ake tallar kayan da ba sa zuwa kasuwa.