Darasi na 7: Jakar kaba da baƙar leda

Ku karanta a hankali, kowa ya ɗauki jimla ɗaya.

Muhalli shi ne duk abin da ya kewaye mu: ƙasar noma, ruwan rijiya da na tabki, iska, itatuwa da dabbobi. A rediyo kuna jin ana cewa kaya kaza "ba ya cutar da muhalli". Gane irin wannan kaya ba wuya. Ku yi masa tambaya biyu. Wajen samo shi, an kashe tushensa? In ya tsufa aka yar, ƙasa za ta cinye shi?

Ku jefa tsohon faifai a juji. Gara ta ci rabonta, damina ta ƙarasa, ya zama taki. Haka ƙwarya, haka ludayi, haka igiyar kaba. Leda fa? Ku bi ta Kasuwar Dole ta nan Damagaram ranar Alhamis da yamma, ku ga yadda take maƙale wa ƙaya. Akuya ta haɗiye ta, ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta rama ba a san dalili ba, sai ranar da mahauci ya buɗe cikin. Tana toshe magudana, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. In an ƙona ta, hayaƙin ya kama ƙirji. A 2014 Nijar ta kafa dokar hana shigowa da irin wannan leda da sayar da ita. To, amma doka ba ta zuwa cefane, mu ke zuwa.

Maganin yana hannun iyayenmu mata tun da daɗewa: jakar kaba. Sai dai a nan ne tambaya ta farko take da nauyi. Kaba ganyen ƙaramar goriba ne. Wanda ya bi kowane tsiro ya aske shi tas, har da sabon toho na tsakiya, ya hana shi zama itace, gobe ba ƴaƴan goriba, ba inuwa. Ku yanki ganye kaɗan a nan, kaɗan a can, ku bar tohon tsakiya. Manoman Matamaye da Magarya sun san wannan dabara, shi ya sa suke barin ƙananan gawo a gona, suna sassabe kewaye da su.

Ga yadda aikin yake. A shanya kabar ta bushe, a tsattsaga ta daidai wa daida, a jiƙa ta ta yi laushi don kada ta karye a hannu. A yi doguwar saƙa kamar ta tabarma, sannan a nannaɗe ana ɗinkewa daga gindi zuwa baki. Hannun jakar a ninka shi biyu, don nan ne take fara tsinkewa. Mai son ado ta dafa wani sashe na kabar da karan dafi, ya fito ja.

Masu aikin fata ma abin ya shafe su. Damagaram ta yi suna da dukanci, kuma majemanmu da bagaruwa suka saba jima, ita ma daga itace take. Amma ruwan jima da na rini ba a zubar da su kusa da rijiya. A garin da ya san wahalar ruwa irin namu, wannan ba sai an maimaita ba.

Aikin gida: idan gidanku yana karɓo leda 5 a rana, nawa ke nan a kwana 30? Ku rubuta lissafin a littafinku. Darasi mai zuwa kowa ya zo da damin kaba ɗan ƙarami, busasshe, da basilla.