Kurakuran da Ake Yi Wajen Karanta Binciken Jinyar Damuwa da Fargaba

Ɗalibi ya ci karo da takardar da ta ce zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam ya rage ciwon damuwa ƙwarai, sai ya kwafe ta cikin aikinsa, shi ke nan. Kuskurensa shi ne zaton abin da aka buga shi ne duk abin da aka yi. A 2015, Ellen Driessen da abokan aikinta sun bi sawun tallafi 55 da hukumar binciken lafiya ta Amurka, wato NIH, ta bayar tsakanin 1972 da 2008 don gwada irin wannan jinya. Guda 13 ba su taɓa fitowa a mujalla ba. Da aka samo bayanan yawancinsu aka haɗa, ƙarfin tasirin, wato adadin da ke nuna girman amfanin jinyar, ya sauko daga 0.52 zuwa 0.39, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Jinyar tana aiki, gishirin ne ya yi yawa. Gyaran shi ne ka leƙa rajistar gwaje-gwajen jinya irin ClinicalTrials.gov, ka ga gwaje-gwajen da aka fara aka yi shiru.

Wanda ya fi ɓata mini rai kuwa shi ne rashin tambayar da wa aka gwada. Sau da yawa, musamman a gwajin fargaba, ɗaya rukunin an ce musu ne kawai su jira, za a kira su. Mai jiran kira na iya fasa neman wani taimako, ba kuma wanda ke sauraronsa, to ina mamaki in masu zaman tattaunawar sun fi shi sauƙi? Ka fi ba da ƙarfi ga gwajin da ya kwatanta jinyar da kulawar da aka saba bayarwa.

Sai sauya ma'auni: a rajista an ce da ma'aunin damuwa na Hamilton za a auna, a takarda sai ka ga wani ma'aunin, na Beck, ne a gaba, don shi ya yi kyau. Ka ajiye rajistar da takardar gefe da gefe. Ka kuma ƙirga waɗanda suka daina zuwa, ko an sa su cikin lissafi.

A 2010 Pim Cuijpers ya tace gwaji 115 na jinyar damuwa, 11 kaɗai suka cika dukkan sharuɗɗan inganci, tasirinsu kuma 0.22 ne, na sauran 0.74. Saboda haka kafin ka rubuta wani adadi, duba ko mai binciken shi ne ya ƙirƙiro jinyar, ko kuma mai auna marasa lafiyar ya san rukunin da kowa yake.