Yadda ake ƙawata cikin tsohon soro da zane ba tare da an kashe ginin ba

Masu gyaran tsofaffin gidaje sun rabu biyu a kan ado. Wasu na ganin a shafe bango da fari a huta, wasu kuma so suke a cika ko'ina da zane da launi tun daga daɓe har rufi. Wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin sorayen Gidan Rumfa a Kano ya san cewa yawan zane ba baƙon abu ba ne a ginin Hausa. Amma a tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zanen da ke jikin ginshiƙai na ƙasa ne tsantsa, haske da inuwa ke fito da shi. Duka biyun gado ne. Abin da ke ɓata tsohon soro shi ne a ɗora zane a kan bango mara lafiya, da kayan da ƙasa ba ta sha da su.

Daga rufi ake farawa. A hau sama a duba indararo, a tabbatar bai toshe ba kuma yana zubar da ruwa nesa da gindin gini. Sai a dawo ciki a bi azara ɗaya bayan ɗaya da tsinin wuƙa. Azarar giginya tana da ƙarfin jure gara, amma in ruwa ya daɗe yana jiƙa bakinta inda ta shiga bango, ruɓewa take yi. Inda wuƙa ta nutse, a canza kafin a taɓa maganar ado. Tsagewar da ta bi tsawon bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, kuwa aikin magini ce, ba ta mai zane ba.

Bayan haka a ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa. Inda ya yi ƙarar fanko, yaɓen ya rabu da tubali, sai a ɓamɓare shi. In an taɓa yi wa ɗakin filastar siminti ko fentin mai, a cire gaba ɗaya, komai kyansa a ido. Bangon ƙasa yana tsotsar danshi da damina ya fitar da shi da rani. Siminti da fentin mai suna kulle danshin a ciki, ƙasar ta yi laushi a bayansu, wata rana a wayi gari faffaɗan ɓawo ya faɗo har da zanen da aka kashe wa kuɗi. A ɓamɓara a hankali, domin sau da yawa tsohon zane na kwance a ƙarƙashi. In an same shi, a ɗauki hoto, a kwafe shi a takarda daidai girmansa. Shi ya fi cancanta a mayar, ba wanda aka gani a waya ba.

Haɗin yaɓe ba shi da ma'auni guda, don ƙasar kowane gari da halinta. A yi gwaji: a kwaɓa jar ƙasa da aka tankaɗe kashi 1 da yashi kashi 1, sannan 1 da 2, sannan 1 da 3, a zuba yankakkiyar ciyawa a kowanne, a shafa su a bango kamar faɗin faranti, a bar su kwana 3. Wanda ya tsattsage, yumɓu ya yi masa yawa. Wanda ke zubar da gari in an goga, yashi ya yi yawa. Wanda bai tsage ba kuma bai zubar da gari ba ake ɗauka. A bar kwaɓin ya kwana biyu ko uku a rufe kafin aiki, ya fi danƙo. A yayyafa wa bango ruwa, a shafa kauri bai wuce santimita 1 zuwa 1.5 ba a shafi ɗaya, a bari ya sha iska kafin na biyu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kafin hunturu ya kankama. Iskar hunturu tana busar da saman yaɓe cikinsa na ɗanye, sai ya dare. In dole ne a yi da hunturu, a rufe tagogi a rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofa.

Zanen kansa ana fitar da shi ne tun shafin ƙarshe na da ɗanye. A zana layin da tsinke, a murza ƙasa mai laushi kamar igiya, a karce wurin da za ta zauna, a manna, a gyara gefe da jiƙaƙƙen yatsa. Tudun kada ya haura santimita 2 zuwa 3. In ya fi haka nauyinsa zai janye shi, musamman a cikin bakan gizo. Dagi ya fi kowane zane tona asirin mai koyo, domin zarensa hawa yake yana nutsewa bi da bi, kuskure ɗaya kuma daga bakin ƙofa ake hango shi. A fara shi a takarda.

Wajen rabon ado, nauyin ya tafi sama: bakan gizo, tsakiyar tulluwa, kan ƙofa da kewayen alkuki. Daga daɓe zuwa kamar mita 1 a bar shi lami, don nan ne bayan mutane da matasai ke gogawa, nan kuma danshi ke fara bayyana. Launi uku sun isa: farar ƙasa a matsayin shimfiɗa, ja daga ƙasa, da shuɗi ko baƙi don fito da layi. A jiƙa ƙaro kaɗan a tace a zuba cikin launin don ya kama. In ya yi yawa sai ya yi ƙyalli ya riƙa ɓarewa. A shafa tsararo sau 2 ko 3 maimakon mai kauri sau ɗaya. Makuba da laso, wato shafen gargajiya da ke kare gini daga ruwa, na waje ne da kan rufi, inda ruwa ke duka; makuba tana duhunta ɗaki.

Ɗakin da za a yi wa jere na kwanuka da tasoshi, bangon da jeren zai jingina a bar shi fari, domin jeren kansa zane ne. Kabad ɗin jeren kuma a janye shi kamar santimita 10 daga bango, iska ta riƙa ratsawa, a kuma riƙa leƙa bayansa kowace damina saboda gara.