Babi na 6: Gyaran Kuloci da Filawil

Darasi na 1: Gano matsala

Kuloci shi ne abin takawa na hagu. Shi ke haɗa inji da giya, shi ke raba su. Filawil kuwa babban faifan ƙarfe ne mai haƙora a bayan inji, a jikinsa filet ɗin kuloci, wato faifan da ke tsakanin inji da giya, ke mannewa.

In kun taka totur, inji na kuka amma mota ba ta ja, ga warin ƙuna, to kuloci na zamewa. Ku gwada haka: ku tabbata ba kowa a gaban mota, ku ja hambirki, ku sa giya ta 3, ku saki kuloci sannu a hankali. In inji ya mutu, lafiya lau. In bai mutu ba, filet ya cinye.

In giya ce ke ƙin shiga, ku fara duba man kuloci kafin ku kwance komai.

Darasi na 2: Ɗaura sabon filet

Ku cire kan batir. Kada ku shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai.

To, ga inda ɗalibai ke faɗuwa. Filet fuska biyu gare shi: ɗaya shafaffa, ɗaya mai tudu a tsakiya. A yawancin motoci, shafaffar ce ke kallon filawil, mai tudun tana kallon giyabos, wato akwatin giya. Ku ɗauke shi a hannu, ku shafa. Ina tudun? Wajen giyabos. Madalla, kuna iyawa. Ku juya shi, ku sake nema. In da rubutu a jikinsa da ba ku gane ba, ku nuna wa wanda ya iya, tambaya ba abin kunya ba ce.

Haba jama'a, sai a ce an gane, a ɗaura shi a juye, a mayar da giyabos, giya ta ƙi shiga, a sake sauke komai! Gaggawar me ake yi? Tudu wajen giyabos. Ku faɗa da baki kafin ku taɓa noti.

Sannan ku saita shi daidai tsakiya da sandar saiti, ku ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, in kun ɗaure wannan sai wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen.

Darasi na 3: Filawil

Ku duba fuskarsa. Tabon shuɗi ko tsagewa na sa mota karkarwa wajen tashi. A kai a goge a injin gyara, ko a canja. In akwai mai a jiki, galibi sil ɗin bayan inji, wato robar da ke tare mai, ke yoyo.

Darasi na 4: Boris

In ƙara na tashi sai an taka kuloci, boris ne, wato zoben ƙarfe mai juyawa da ke danna kuloci in an taka. A canja shi tare da filet.