Yadda ake bin salsalar gida da gano kakan da ya yi aikin soja a zamanin Nasara

Mu Hausawa ba mu da sunan gida da ake gado daga kaka har jika irin na Turawa. Sunan da ke bin naka na ubanka ne, wanda ke bin nasa na kakanka ne, kowace zuriya da nata. Saboda haka in ka shiga intanet ka ga an rubuta "Moussa Mahamane, né à Zinder, tirailleur", kada ka yi saurin aika wa dangi cewa ka samo kaka. Musa ɗan Mamman nawa ne suka tashi tsakanin Birni da Zango kaɗai, balle Mirya, Magarya, Matamaye, Gure da Tanut? Kama da wane ba ta wane. Abubuwan da ke raba soja da takwaransa su ne lambarsa ta soja, shekarar da aka ɗauke shi, ƙauye da kanton da ya fito, sai sunan mahaifiyarsa. Duk aikin da ke ƙasa na tattaro waɗannan ne, kuma a gida ake fara shi, ba a kwamfuta ba.

Fara da tsofaffin gida

Tsofaffin mata sun fi maza riƙe zumunci: gwaggo, inna, abokiyar zaman kaka in tana da rai. Su ne suka san wa ya auri wa, wa aka yaye a gidan wa, wa ya tafi bai dawo ba. Sai dai akwai kunya. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, za ta ce "Malam" ko "mai gidan nan". Kada ka matsa mata, ka ɗauki labarin a wurinta, sunan ka nemo a bakin wani. Ka kuma raba sunan yanka da laƙabi, domin mutumin da gari ya sani da Tanko, Ɗanjuma, Bawa ko Nomau yana iya zama Ibrahim a wurin liman, kuma ba ka san da wanne magatakardan Nasara ya rubuta shi ba. Ka tara duka.

Kada ka tambayi shekara da lamba, ba za ka samu ba. Ka tambayi zamani. Kafin yunwar Kakalaba ne ko bayanta? Wannan 1913 zuwa 1914 ke nan. Lokacin yaƙin Kawusan, da aka tada rundunar da ta bar Damagaram ta je ta ɓalle ƙawanyar Agadas? Farkon 1917. Kafin a ɗauke hedkwatar mulki daga Zinder a kai Yamai? 1926. Zamanin Sarki Barma Mustafa, ko bayan an naɗa Umaru Sanda a 1950? Da irin wannan za ka matse lokacin zuwa shekara biyar ko ƙasa da haka. Ka tambaya kuma: ya shiga jirgin ruwa? Ya yi zancen sanyi da ƙanƙara, ko daji mai ruwa da shinkafa? Da Faransanci yake zagi in ya fusata, ko da Turancin Ingilishi? Wannan tambaya ta ƙarshe ba wasa ba ce, ita ke nuna maka ƙasar da za ka nufa da wasiƙarka.

In an yarda, ka naɗi hirar da waya. A littafi ka rubuta wanda ya faɗi kowace magana da ranar da ya faɗe ta, saboda bayan wata shida ba za ka tuna wace gwaggo ce ta ce Indoshin, wace ce ta ce Madagaska ba. Maroƙan gidan sarauta da na masu sana'a suna riƙe jerin kakanni a cikin kirari, kuma yana da amfani, amma maroƙi yakan tsallake wanda bai yi suna ba, ya haɗe kaka biyu masu suna ɗaya. A gidan malamai a duba bangon Alƙur'ani da kundi, inda akan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. In da shekarar Hijira ce, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1340 za ta ba ka 1921 zuwa 1922.

Abin da ke cikin akwati

Takarda ɗaya ta soja ta fi hira goma. Ka nemi ɗan littafin da ake kira livret individuel, ko katin tsohon soja (carte du combattant), ko littafin karɓar fansho, ko ɗan ƙarfen shaidar soja da ake ratayawa. Abin da kake nema a jikinsu shi ne numéro matricule, wato lambar soja, da classe, wato shekarar ɗauka, da wurin da aka ɗauke shi, da rundunar da aka sa shi: za ka ga haruffa irin su RTS ko BTS, wato régiment ko bataillon de tirailleurs sénégalais, da lamba a gaba. Kalmar "sénégalais" da ke ciki kada ta ruɗe ka. Tun da aka kafa rundunar a 1857 haka ake kiran duk baƙin sojan Faransa na Afirka ta Yamma, ko daga Gure mutum ya fito.

Tsohuwar takarda ba a manna mata salatif, ba a kai ta a rufe da leda mai zafi. Zafin yana cinye tawada kuma ba a iya cirewa. A shimfiɗa ta a inuwa, a ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya har da gefuna, domin magatakarda kan rubuta lamba da fensir a kusurwa. Sannan a sa ta a ambulan, cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa saboda gara.

Lambobin yabo ma suna magana, ta launin ƙyallensu. Croix de guerre mai kore da siraran layukan ja ta yaƙin 1914 zuwa 1918 ce. Mai ja da layukan kore a tsakiya ta yaƙin Hitila ce. Mai shuɗi-shuɗi da ja a gefe biyu ta yaƙe-yaƙen waje ce, irin su Indoshin. Rawaya mai kore a gefe ita ce Médaille militaire. Amma Faransa ba ta sassaƙa suna a jikinsu, kuma ana sayar da irinsu a kasuwa, don haka lamba ita kaɗai ba shaida ba ce.

Yadda aka lalata sunaye

A nan mafi yawan masu bincike ke ɓata. Magatakarda ya rubuta abin da kunnensa ya ji, da ƙa'idar Faransanci, ta bakin tafinta. Muhammadu ya zama Mahamadou, Mahamane, Mamane, Maman ko Mamadou. Abubakar ya zama Aboubacar, Boubacar, Boukar, Boukari ko Garba. Ibrahim ya zama Brahim, Brah ko Ibro. Yusufu shi ne Issoufou, Shu'aibu Chaïbou, Lawali Laouali. "Ɗan" wani lokaci an rubuta Dan an manne shi da sunan uba, wani lokaci an jefar da shi. Sau da yawa an juya sunayen, na uba ya zo farko, ko kuma suna ɗaya tak aka rubuta. Kafin ka taɓa kwamfuta ka zauna ka jera duk yadda za a iya rubuta sunan, ka gwada kowanne a gurbin nom, ka sake gwada shi a gurbin prénom.

Shekarar haihuwa kuwa ƙiyasi ce. "Né vers 1918" na nufin likitan ɗauka ya dubi jiki da haƙora ya yanke. Ka bar sarari na shekara biyar gaba da baya. Wurin haihuwa ma haka: "Zinder" sau da yawa sunan da'irar mulki ce gaba ɗaya, ba garin ba. Kuma Nijar ba ta zama koloni mai sunanta ba sai 1922, don haka sojan yaƙin farko ana iya samunsa a ƙarƙashin Territoire militaire du Niger, ko Haut-Sénégal et Niger, ko ma Soudan.

Inda takardun suke

Shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar tsaron Faransa kyauta ne, kuma nan kowa ke farawa. Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne, manyan jerin sunayensa na waɗanda suka mutu a bakin aiki ne. In kakanka ya dawo gida ya yi noma ya tsufa, rashin ganinsa a can ba ya nufin komai.

Na wanda ya dawo, wurin nema shi ne Centre des archives du personnel militaire da ke garin Pau a Faransa, inda ake ajiye rajistar sojojin tsoffin ƙasashen mulkin mallaka. Takardar da za ka roƙa sunanta état signalétique et des services. A cikinta akwai ranar shiga, rundunonin da ya bi, ranar hawa jirgi da sauka, rauni, muƙami da ranar sallama. Wasiƙar da Faransanci za a rubuta, gajera: sunansa da duk rubuce-rubucensa, sunan uba da na uwa, ƙauye, kanton, da'ira, shekarar ɗauka da lambar soja. A haɗa da hoton katinka na ɗan ƙasa, da shaidar rasuwarsa, da takardun da ke nuna dangantaka daga kai zuwa ubanka zuwa shi. In babu takardar haihuwa ko ta rasuwa, sai a je kotu da shaidu a yi jugement supplétif. Wasiƙar da ba lamba, ba shekara, ba ƙauye, yawanci amsarta ita ce ba a samu ba. Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, kai tsaye ake rubutawa, kuma in akwai ɗan'uwa a Faransa da za a sa adireshinsa, amsa ta fi saurin isowa. Amsar kan ɗauki watanni.

In labarin gida ya ce an kama shi, to wataƙila yana cikin waɗanda Jamus ta kama a Mayu da Yunin 1940. Baƙaƙen fursunoni galibi ba a kai su Jamus ba, an tsare su a cikin Faransa a sansanonin da ake kira Frontstalag. Takardunsu da na waɗanda suka mutu suna reshen ajiyar tarihin soja da ke garin Caen a Faransa. In ka san rundunarsa kuma kana son sanin inda ta bi rana-rana, littafin tafiyar runduna yana gidan ajiyar tarihin soja na Vincennes kusa da Paris, na yaƙin farko kuma an ɗora su a intanet. Kada ka sa ran ganin sunansa a ciki: hafsoshi ake ambata, ƙananan sojoji ƙidaya su ake yi. Amfaninsa shi ne gwada labarin gida. Wanda aka ɗauka a 1943 ba zai kasance a yaƙin 1940 ba, amma yana iya kasancewa cikin waɗanda suka sauka gaɓar Provence a kudancin Faransa ranar 15 ga Agusta 1944.

A Yamai, gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa yana da rahotannin rangadi da bayanan da'irori da kumandoji suka rubuta, waɗanda ke taimakawa wajen tarihin ƙauye da jerin masu gari. Ofishin tsofaffin sojoji ma ya cancanci a leƙa, musamman in marigayin ya taɓa karɓar fansho. Takardun ɗaukar soja na Afirka ta Yamma baki ɗaya suna Dakar.

In Turancin Ingilishi yake yi, ka juya kudu. Mutanen Damagaram da yawa sun tsallaka Kano, wasu don gudun aikin dole da lanho, suka shiga rundunar Najeriya, aka kai su Habasha ko yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. A can al'ada ita ce a sa wa soja sunan garinsa a matsayin suna na biyu, don haka ka gwada Zinder da Damagaram a shafin Commonwealth War Graves Commission, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin daular Ingila da suka mutu a yaƙi, ka kuma gwada Kano, Daura da Katsina, tunda wanda ya gudo ba lalle ya faɗi garinsa na gaskiya ba.

Inda labari da takarda ke saɓawa

Ba duk wanda aka ce "ya tafi soja" ne ya yi soja ba. Daga 1919 ɗauka ta zama ta ƙuri'a, aikin shekara uku. Waɗanda aka ga lafiyarsu amma ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba ana kiransu kashi na biyu, kuma an riƙa tura irinsu aikin ƙarfi, har ma bayan an soke aikin dole a 1946. Akwai kuma gardin kumandan da masu rakiya a kan raƙuma, waɗanda su ma suna sa kaki amma ba lalle a same su a Pau ba.

Sai batun musanya, wanda ya fi kowanne wuya. Idan aka yanka wa mai gari yawan samarin da zai kawo, ba ɗansa yake turawa ba. Yakan tura bara, ko maraya, ko baƙo, ko ɗan bayi, wani lokaci da sunan wanda aka fansa. Sai ka samu takarda da sunan kakanka da ƙauyensa daidai, alhali wani ne ya sha wuyar. Ko kuma kakanka ya je, amma da sunan wani. Wannan bincike kan tono asalin da gida ya daɗe da rufewa. Abin da ka gano irin wannan, ka kai wa manyan gida tukuna kafin ya shiga WhatsApp na dangi.

A yi hattara da masu cewa a ba su kuɗi su fito da fanshon kaka. Gaskiya ne Faransa ta daskarar da fanshon sojojin Afirka da dokar 1959, ta kuma daidaita shi a matakai daga baya, amma haƙƙin na sojan ne da matarsa da ƙananan marayunsa, ba ya gangarowa kan jika. Neman takardar tarihin aiki kuma ba ya buƙatar ɗan tsakiya.

In bayan duk wannan mutum biyu suka rage masu suna ɗaya, shekara ɗaya, da'ira ɗaya, ka koma shafin siffa a rajistar. Ana rubuta tsawo da santimita, da alamun jiki, har da zanen fuska wani lokaci: tsaga nawa a kowane kunci, akwai a goshi ko babu. Ka kai wannan wurin tsohon wanzamin gidanku, shi ya san askar Barebari da ta sauran zuriyoyi, ka gwada da tsohon hoto in akwai. Sunan uwa, in an rubuta shi, yakan yanke magana nan take, shi ya sa tun a hirar farko ake nemansa. In duk da haka ba su rabu ba, ka rubuta su biyun a littafin gida, kowanne da lambarsa da inda ka samo shi, ka sa alamar tambaya a gaban kowanne, sannan ka sake rubuta wa Pau kana neman cikakken shafin rajistar na lambobin biyu.